Gammon Kamfani

Barikin Kuza,
Gindin Dutsen Mpape,
Ƙasar Abuja.
Yuni, 1957.

Zuwa ga Maude,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk mutanen Kaduna da suka san ina raye, in akwai su. Ni dai ina nan. Gwiwata ta hagu ta daina lanƙwasuwa, haƙori guda ya faɗi a cikin tuwo, sauran jiki yana jiran nasa lokacin.

Takardarka ta iso, kuma na daɗe ina juya ta kafin in gane ko wane ne Maude. Daga baya na tuna cewa kakarka Zulai da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. Ka kira ni kawu, to na amsa. Shekara da shekaru babu wanda ya neme ni a dangi, sai yanzu da ka zama sakataren ƙungiyar ma'aikata kake son labarin halin da leburori ke ciki a ramin kuza. Ni halina ba ka tambaya ba, amma zan ba ka kyauta.

Na yi makarantar Midil, na yi ta horon malamai, na koyar da yaran da yau ake buɗe musu ƙofar mota. Ga ni tafinta a barikin kuza. Aikina shi ne Bature ya yi haushi da Turanci, ni in maimaita haushin da Hausa.

Ga yadda aikin yake. Maza suna haƙa da diga a cikin rami, mata suna kwashe ƙasar a kwano, su hau katako su zuba a lambatu inda ruwa ke wanke ta, kuza ta kwanta a ƙasa. Yawancin matan Gbagyi ne daga ƙauyukan da ke bayan dutse. Kada ka rubuta Gwari a takardunka, matata ba ta son sunan. Abin da kai ɗan birni ba ka sani ba shi ne matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, ko itace ne, ko tulu, ko doya. A wurinsu kai shi ne mai gidan jiki, shi ke yin tunani, ba a mai da shi jaki. Haka suka tarar, haka suke yi, kuma tsohon manaja bai taɓa damuwa ba tunda kuza na fita.

Sai aka kawo mana sabo daga Jos, wani dogo mai jan kunne. Muna ce masa Mai Agogo, don ko fitsari mutum ya tafi sai ya duba hannunsa. Ya yi kwanaki a bakin rami yana kallon matan, sa'an nan ya yanke hukunci cewa kafaɗa tana zubar da ƙasa, kuma a Jos da ka ake ɗauka. Ya sa aka ɗinko gammo na tsumman buhu, cike da buhu biyu, kyauta daga kamfani. Ya tara mata ya ce daga yau kwano sai a ka, wadda ta ƙi ta koma gida.

Wa ya faɗa musu da Hausa? Kawunka. Wa aka ba buhun ya raba gammon? Kawunka. Wace ce a gaban layi? Dada, matata.

Ba ka san Dada ba. Bazawara ce na aura bayan rasuwar matata ta fari, kuma ita kaɗai ce abin da na samu a duniya wanda ba a ƙwace ba. Na miƙa mata gammo ina kallon ƙasa. Ta karɓa ta ce, “Malam, wannan magana, daga bakin wa ta fito?”

Na ce, “Ta Bature ce, ni saƙo kawai na isar.”

Ta ce, “Ni ba na jin bakin Bature. Naka na ji.”

Ta ɗaga hulata, ta aza mini gammon a ka, ta mai da hular a kansa, ta juya. Mata duka suka bi ta. Da na koma gida na tarar ta kwashe tukwanenta ta tafi gidan wanta Yamusa a ƙauye.

Yanzu ni ke dafa wa kaina abinci. Shi ya sa haƙorin ya faɗi.

Kawunka, in ka ga dama,
Dallatu.

*

Kaduna.
Yuli, 1957.

Zuwa ga Kawu Dallatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yata da ke fitar da haƙori, kamar dai ta karɓi naka. Allah ya sawwaƙe gwiwa.

Kawu, na karanta takardarka. Wannan shi ne abin da muke faɗa a taro kullum: 'yan jari-hujja sun mallaki hannun ma'aikaci, sun mallaki ƙafarsa, yanzu kuma sun kai ga kansa! Abin da matan nan suka yi sunansa yajin aiki, ko sun sani ko ba su sani ba. Na fahimci kuma cewa kai da Inna Dada kun shirya abin nan na gammo ne a gaban jama'a don Bature kada ya zarge ka. Dabara ce mai kyau. Mutum mai iliminka ba zai zauna a barikin kuza haka kawai ba, na tabbata akwai dalili.

Ina roƙonka ka gaya mini abu biyu. Yaya yajin yake tafiya? Kuma wane ne jagoransa? Ƙungiyarmu tana son ta san wanda za ta yi hulɗa da shi.

Game da Inna Dada, ka kwantar da hankalinka. A lokacin gwagwarmaya iyali yakan jira.

Ɗanka mai biyayya,
Maude.

*

Barikin Kuza.
Yuli, 1957.

Maude,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, an ƙara mini da ƙulu a goshi. Ka shafa mini kan mai fitar da haƙori, ka ce mata kada ta yi murna, duk za su tafi.

Ka ce iyali yakan jira. Kai da ake kawo maka tuwo da zafinsa, ai dole ka faɗi haka.

Ga labarin yajinka. Da mata suka daina zuwa, ƙasa ta taru a rami har maza suka rasa inda za su jefa diga. Mai Agogo ya ce maza su ɗauki kwano. Mazan Gbagyi suka ce su ba za su yi abin da zai hana su cin abinci a gida ba, kuma na ga hikimarsu. Sai ya aiki heluma, wato shugaban leburori, wani mai suna Baƙo, mai ƙaton ciki, ya je Zuba da mota ya kwaso mata 'yan ci-rani masu ɗauka a ka. Ya kuma ɗauko wasu ƙarti ya ba su kulake ya ce 'yan gadi ne.

Ranar Litinin da hantsi baƙin mata suka fara aiki, kowace da sabon gammo. Ba su yi sawu da yawa ba sai muka ji guɗa daga kan dutse. Maude, ban taɓa sanin ƙauyukan nan suna da mata haka ba. Har tsofaffin da ake cewa ba sa tashi daga tabarma sun zo, kowace da taɓarya. Ba su taɓa 'yan ci-ranin ba, sun dai ce musu, “Ku ajiye kwano ku koma gefe.” Su kuwa suka ajiye suka hau tudu suna kallo, wata ma ta fito da gyaɗa.

Daga nan aka fasa lambatu. Ruwan da aka tare ya kwararo cikin rami, maza suka yi ta fitowa kamar gyare. Baƙo ya tsaya yana ihu, “Ku daina! Ni heluma ne!” Wata tsohuwa ta ce, “Mun sani, shi ya sa,” ta kife masa kwano a ka ta buga da taɓarya. Har yau in ka yi masa magana sai ya ce wa ke kaɗa ƙararrawa. Motar Mai Agogo kuwa suka tura ta a hankali, da waƙa, har bakin rami, suka sake ta. Shi yana tsaye a baranda yana ce mini, “Gaya musu su watse!” Na buɗe baki in gaya musu, sai curin laka ya same ni a goshi. Ban ga wadda ta jefa ba, amma na san hannun. Shekaru ina ganinsa yana jifan kaji a bakin shanya, bai taɓa kuskure ba.

Sai 'yan gadin suka shiga da kulake, dariya ta ƙare. An fasa kan mata da dama. Wata yarinya mai goyo ta faɗi a kan katako aka tattaka ta, Allah ya tsare jaririn. Dada ta shiga tsakani, wani ya sauke mata kulki a kafaɗar dama, ƙashin ya karye. Ba don maza sun fito da diga ba, da ban san inda abin zai tsaya ba. Ƙartin suka ga diga suka tuna suna da iyali a gida.

Na je ƙauye duba ta, da gwiwar nan, da ɗan sukari a aljihu. Na same ta mai ɗori ya ɗaure ta da kara. Yamusa ya ba ni kujera. Na ce, “Sannu, Dada.” Ta dubi wanta ta ce, “Ka tambayi tafinta, wannan sannu nasa ne ko Bature ya aiko shi?” Ta karɓi sukarin, ni ba ta karɓe ni ba.

Ka tambayi wane ne jagora. Ni ne mana! Wa kuma? Ni na tsara komai. Da aka fara jifa na kafa hedikwatata a ƙarƙashin teburin manaja, daga can na riƙa ba da umarni ga ƙafafun kujera, kuma ba wadda ta saɓa mini. Ka gaya wa ƙungiyarku ta yi hulɗa da ni, ina da lokaci, tunda babu mai yi mini magana a gida.

Ruwa ya sauka sosai, kogin Usuma ya fara cika. In ka ji shiru, motar wasiƙa ce ta kasa haye shi.

Dallatu.

*

Kaduna.
Agusta, 1957.

Zuwa ga Jarumi Kawu Dallatu,

Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da ta ma'aikaci ga jagora. Muna lafiya. Ina fata ƙulun goshi ya sace, ko da yake tabon gwagwarmaya abin alfahari ne. Allah ya ba Inna Dada sauƙi.

Kawu, dama na faɗa! Na karanta takardarka a babban taronmu. Da na zo inda ka ce ka kafa hedikwata a cikin ofishin manajan kansa, zaure ya ɗauki tafi har wani ya karya benci. Na ɗan gyara wasu wurare, don na san tawali'u ne ya sa ka ambaci ƙarƙashin tebur, kuma na gane cewa ƙafafun kujera suna ne na asiri da kake kiran mataimakanka. Ban tona ba.

Wani abokina ma'aikacin jarida ya roƙe ni labarin, na ba shi. Ya fito a shafin farko: TSOHON MALAMI YA GIRGIZA KAMFANIN KUZA. Da yake ba mu da hotonka, sun sa na wani dattijo mai kama da mutanen gidanmu.

Makonni ke nan ban ji daga gare ka ba. Na san ka ambaci kogi, amma na ɗauka wannan ma magana ce ta asiri, wato ka shiga ɓuya. Don in ƙarfafa maka gwiwa, na aika wa manajan naku jaridar ta hannun wani direba, ya san cewa Kaduna tana bayanka.

Ɗanka mai alfahari da kai,
Maude.

*

Gidan Yari.
Satumba, 1957.

Maude,

Dubi inda na rubuto daga, sa'an nan ka karɓi gaisuwata. Lafiyata ƙalau, sai kwarkwata. Wannan takarda ba ta hannun gandiroba za ta fita ba, Yamusa ne zai jefa ta a gidan waya, don haka zan yi maka magana a fili, ba da harshen asiri ba. Kogi kogi ne. Tebur tebur ne. Kai kuma sakarai ne, kuma na bincika, ba ta wajenmu ka gado ba.

Jaridarka ta riga takardarka isowa. Mai Agogo ya kira ni ofis ya ce in fassara masa. Ka taɓa jin mutumin da ya tsaya ya karanta wa mai gidansa laifin kansa, yana gyara nahawu? Na yi. Da na gama ya dubi hoton ya dube ni, ya ce lallai damuwa ta tsufar da ni. Kafin azahar 'yan doka sun zo.

Kafin a shiga kotu Mai Agogo ya same ni a keɓe. Ashe bai kai ka wauta ba. Ya ce ya san ba ni ba ne, don da idonsa ya ga ƙafafuna a ƙarƙashin teburinsa, har ya taka ɗaya. Ya ce kamfani yana son mutum guda da za a ɗora wa laifin motar da lambatun. In na musanta a gaban majistare, na faɗi sunan wadda ta tara matan, zan koma aikina da ɗakina, har da ƙarin girma.

Kowa a bariki ya san wadda ta tara matan. Ita ta bi ƙauyuka gida gida, ita ta fara guɗa, ita ta fara sa kafaɗa a bayan mota.

Aka shiga kotu. Ɗakin ya cika, sauran mata suna waje gindin mangwaro. Dada tana bakin taga, hannu a rataye da zane, tana kallona kamar yadda take kallon doyar da ba ta yarda da ita ba a kasuwa. Majistare ya ɗaga jaridar ya ce, “Kai ne wannan Dallatun? Kai ka shirya tarzomar nan?”

Ni da na yi shekaru ina faɗar maganar wasu, rannan aka tambaye ni tawa. Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe. Ni kaɗai.”

Mai Agogo ya miƙe ya ce ƙarya nake yi. Majistare ya ce masa ya zauna, ai ga shi a jarida. Baƙo, da aka kawo shaida, aka tambaye shi ko ya ji ina ba da umarni, ya ce shi tun ranar ba abin da yake ji sai ƙararrawa. Da na ga abin ya karɓu sai na ƙara gishiri. Na ce na yi wata uku ina horar da tsofaffi sarrafa taɓarya a bayan dutse. Magatakarda ya rubuta. Maude, na yi shekara talatin ina faɗar gaskiya ba wanda ya saurare ni. Na yi ƙarya sau ɗaya, an sa mata hatimi.

An yanke mini wata shida, an kore ni daga aiki, an karɓe ɗakin kamfani. Da ake fita da ni mata suka yi guɗa. Na waiga taga, Dada ba ta yi guɗa ba, kuma ba ta tafi ba.

A bariki kuwa an koma aiki. Ba a janye dokar ba, Bature ba ya janye doka. An dai daina ganin masu karya ta. Mai Agogo yanzu in ya zo bakin rami sama yake kallo.

Dallatu.

*

Kaduna.
Oktoba, 1957.

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da kunya. Ba na iya cin abinci tun da na karanta takardarka. Matata ta karanta wadda ka aiko a Yuli, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce ko 'yarmu mai haƙori biyu ta san gatse kake yi.

Kawu, ka yafe mini. Ni na jefa ka a wannan hali, ni zan fitar da kai. Na riga na rubuta gyara zuwa ga jarida, cewa kai ba jagora ba ne, matsoraci ne kawai da ya ɓuya a ƙarƙashin tebur, kuma ba ka da hannu a komai. Na sami lauya da ya ce in aka buga wannan za a sake duba shari'ar, a nemo ainihin mai laifin. Amincewarka kaɗai nake jira.

Ɗanka mai nadama,
Maude.

*

Gidan Yari.
Oktoba, 1957.

Maude,

Gaisuwa. Ka ci abinci. Ka gaishe da matarka, ita ce mai karatun gidan.

Yanzu ka buɗe kunnenka, zan rubuta da gajerun kalmomi. Kada ka kai gyaran nan. Ka yaga shi. Ka sallami lauyan. Ka sake karanta layin da ka rubuta da hannunka, inda ka ce a nemo ainihin mai laifin, ka zauna ka yi tunanin ko wace ce za a nemo, da karyayyar kafaɗa. In ka gane, ka yi shiru. In ba ka gane ba, ka tambayi matarka. Taimakonka na farko ya ba ni wata shida. Ina jin tsoron na biyu.

Ban da haka, ba na shan wuya yadda kake zato. Fursunoni suna kirana Jagora, suna ba ni wuri kusa da taga. Abincin ya fi wanda nake dafawa.

Dada ta zo ranar kasuwa. Tafiya ce mai nisa, da ƙafa ta yi rabinta. Ta kawo doya da miya a ƙwarya, ta tsaya ta bayan ƙarfe tana kallona ina ci. Sai da na kusa gamawa ta ce, “Malam, ka iya ƙarya.”

Na ce, “Na gode.”

Ta ce, “Horar da tsofaffi! Kai da taɓarya ta fi ƙarfinka.”

Na ce, “Majistare ya yarda.”

Ta ce, “Majistare bai aure ka ba.”

Na tambaye ta kafaɗa, ta ce ta koma ta hagu, Allah ai biyu ya ba ta. Na yi ƙarfin hali na tambayi inda zan nufa in na fito, tunda kamfani ya watso kayana waje. Ta ce littattafaina suna ɗakinta a ƙauye, sun cinye mata wurin ajiye gero, kuma gara ta fara ɗanɗana na Turancin. Sa'an nan ta karɓi ƙwaryarta ta ce ɗakin yana yoyo ta wajen gado, in na fito sai in hau in gyara jinkar kafin damina, ita ba za ta kwana ruwa na zuba mata ba don tana auren jagora.

Na ce mata ni malami ne, na karanta tarihin duniya, ban taɓa ɗaura ciyawa a kan ɗaki ba, ga kuma gwiwa.

Ta ce ina da sauran wata biyar, in tambayi ɓarayin da muke kwana tare, su sun san jinka.

Na tambaya. Akwai wani mutumin Kubwa a nan, ya ce zai fara koya mini gobe.

Kawunka,
Dallatu.